Ranar da Fada Ya Sha Gari

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da injin niƙan maƙwabcina, saboda haka in ana maganar Mai Inji a bar ni in yi, da kunnena na biya. Ni Malam Raɗa nake ce masa. Injin nan ya cinye masa kunne tun yana saurayi, shi kuwa kurma gani yake kowa ma kurma ne. In ya ce wa matarsa ta miƙo ruwa, har mai kantin bakin titi sai ya waiga yana neman kofi.

Cocinmu ɗaya, bencinmu ɗaya, kuma ban taɓa ganin ya yi fashin Lahadi ba. Sai dai in lokacin karɓar Jikin Almasihu ya yi, wato gurasa mai tsarki, jama'a suka nufi bagade can gaban coci, shi sai ya janye gwiwoyinsa a wuce, ya sunkuyar da kai yana kallon takalman mutane. Mu 'yan Katolika, wanda zuciyarsa ke da kaya sai ya fara furta zunubinsa a asirce a gaban Fada, limamin cocinmu, kafin ya karɓa. To nan gizo ke saƙar.

Da can yana zuwa. Ran nan ya shiga ɗan akwatin katako mai labule da ake furta zunubi a ciki, ya durƙusa, a ganinsa raɗa yake yi. Ya shaida wa Fada cewa duk sanda surukarsa ta zo kwana, ƙaryar aiki yake yi ya tare a inji har sai ta tafi. Surukar kuwa tana nan a layi da carbinta a hannu. Fada ya yi tari, ya ƙwanƙwasa katako, duk a banza, mutumin sai da ya zazzage buhunsa tas. Kafin yamma yara na kwaikwayonsa a titi. Tun daga ranar bai sake ɗaga labulen nan ba.

An ba shi shawarwari. Aka ce ya je gidan Fada, ya ce can akwai mai girki da mai shara. Aka ce ya rubuta a takarda, shi da biro kuwa ko gaisawa ba sa yi. Haka 'ya'yansa suka girma ya ba su hanya, jikoki suka taso su ma ya ba su. Na ce masa coci ta fara biyansa albashin ba da hanya. Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Matarsa ce ta gaya mini abin da ke cinsa: wai ga abinci a gabansa, yana tsoron yunwa ta raka shi kabari.

Kullum da safe kafin ya ta da inji sai ya durƙusa tsakanin buhuna ya yi addu'a. Na haddace ta, ba da son raina ba. Roƙonsa ɗaya ne, Ubangiji ya buɗe masa kunne ya san girman muryarsa. Shekaru suka yi ta tafiya, kunne na nan kamar an toshe da siminti.

Wata rana inji na tsakar aiki, buhun masara ya zamo ya danne masa ƙafa. Matarsa na zaune a bakin ƙofa tana hira da masu niƙa. Ya ƙwala mata kira da iyakar ƙarfinsa, ya sake, ko waiwaye ba ta yi ba. Daga baya ya ce yana kwancen nan, zafi na ratsa shi, sai ya ji an ce masa a zuci, ga ɗakin da kake ta nema. Wai ita ce magana ta farko da ya ji sarai tun ƙuruciyarsa.

Bai tsaya an duba ƙafar ba. Da ɗingishi ya tafi gidan Fada, wani sabo da aka kawo mana, ya yi masa bayani, mai girki da mai shara suna sauraro. Fada ya ce, “Baba, in Allah ya nuna ɗaki, wane ni in ce bai yi ba?”

Ranar Asabar sai ga Fada a baƙar rigarsa har ƙasa. Mai Inji ya roƙi mata su dakata a waje, ya cika inji da masara, ya tayar, suka rufe ƙofa. Ni dai na manna kunne a katanga, ba don gulma ba, tsagewar bango nake dubawa. Ban da rugugin inji ko kalma ban samu ba. Suka daɗe, don kayan shekaru ba a sauke shi a tsaye. Da ƙofa ta buɗe, Fada ya fito fari fat, har gira, kamar ya tsufa a ciki. Maƙwabcina na bayansa, hawaye sun yi hanya biyu a garin da ke fuskarsa, yana ta murmushi.

Washegari da jama'a suka tashi zuwa bagade, na miƙe ƙafafuna da gangan na tare shi. Ya dafa kafaɗata ya yi raɗar tasa.

“Maƙwabci, ba ni hanya.”

Coci gaba ɗaya ta juyo. Na janye gwiwa, ya wuce yana ɗingishi, matarsa na biye tana share ido da gefen ɗankwali. Da Fada ya ɗaga masa Jikin Almasihu, Amin ɗin da ya faɗa sai da jarirai suka farka. Ba wanda ya yi dariya, har ni.

Yanzu in ka ga keken Fada jingine a ƙofar inji, ajiye niƙanka ka jira, don tsofaffin cocinmu masu nauyin kunne sun gano wurin, layi suke yi. Addu'ar safe kuwa har gobe tana ratso katangata, sai dai maganar kunne ta fita daga ciki, godiya ce zalla.