Koriyar Safa a Ƙafar Inna

A littattafan da na taso ina karantawa, mace takan ba masoyinta turare, ko agogo, ko hankici mai ɗinkin fure a gefe. Ni safa na ba nawa. Ban kuma ji kunyar haka ba, domin mutumin da na aura bai damu da turare ba, gudu ne abin da ya sa a gaba.

Malamin motsa jiki ne a wata firamare a nan Birnin Gwari. Tun kafin aurenmu nakan hango shi da sassafe in na fito ɗiban ruwa, yana zagaya filin makaranta shi kaɗai. A shekarun da daji ya gagari shiga, filin nan ne iyakarsa, har sawunsa ya fitar da 'yar hanya a cikin ciyawa. Da Allah ya kawo sauƙi, sai ya fara miƙewa kan kwalta har bakin daji, ya juyo. Ni kuwa a raina wurina yake gudowa, ko da baya ya ba ni.

A daminar farko bayan aurenmu aka ce za a yi tseren zaɓe. Samarin gari da na ƙauyuka za su yi gudun dogon zango, ukun farko a ba su kujera a motar da za ta kai su babban tsere a Kaduna. Malam, haka nake kiransa a gaban mutane, bai taɓa yin gudu a wajen ƙaramar hukumarmu ba, ga shi shekaru sun fara ja. Ranar da ya kawo labarin ko tuwo bai ci sosai ba.

"Amarya, in ban shiga motar nan bana ba, shi ke nan," in ji shi. "Yaran da na koya wa gudu su ne za su wuce ni baɗi."

Na kwana ina tunanin abin da jarumar littafi za ta yi. Ran kasuwa na samu amsa a rumfar wani mai gwanjo. Ya kwance sabuwar dila, sai ga wata doguwar safa koriya shar, kamar ganyen masara bayan ruwa. Na ja ta, ta ƙi jawuwa.

"Wannan ba safar 'yan makaranta ba ce, Hajiya," in ji shi. "Matse sha-raɓa take yi, ta kora jini sama. Duba nan."

Ya nuna mini wayarsa. Wani dogon Bature ne ya fito daga ruwa, ya hau keke, ya sauka ya kama gudu, duk a tsere ɗaya, da irin safar nan har gwiwa.

"Wato gudu take ƙarawa?"

"Ki tambaye shi mana, ga shi nan."

"Ai ba ya jin Hausa."

"To ki dubi ƙafarsa, ita tana ji."

Na saya da ɗan abin da nake samu a kitso. Na wanke ta, na turara ta da turaren wuta, na naɗe a cikin sabon kallabi. Na shirya kalmomin da zan faɗa, irin masu sa namiji ya yi shiru yana kallon mace. Da na miƙa masa, ko rabin jimlar ban kai ba ya zauna a bakin gado yana kokawa da ita. Sai da muka haɗu mu biyu, ni ina ja yana turawa, kafin ta hau. Ya miƙe, ya yi tsalle, ya ce ƙafarsa ta zama kamar ta ɗan shekara goma sha bakwai. Wannan ma ya ishe ni kalmar soyayya.

Daga ranar ba ya fita atisaye sai da ita. Yana da abokin gudu, wani manomin doya daga Kusasu, mutum mai baki kamar reza, wanda ran Lahadi sai an taso daga coci yake zuwa. Shi da takalmin roba yake gudu, ba safa ba komai. Da ya ga Malam sai ya riƙe ciki.

"Matarmu," ya ce mini daga zaure, "me mijinki ya yi miki kika mai da shi kurciyar gamji? In ya wuce ta gonata awaki za su bi shi."

"Za ka ga bayan safar nan ran tsere," in ji Malam. "Bayanta kaɗai za ka gani."

Ana saura 'yan kwanaki tsere, Inna ta zo daga Kazage. Inna mahaifiyar Malam ce, shi ne kuma ɗanta na fari. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In zai gaishe ta, yakan durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa wa bango. In tana son wani abu daga gare shi, sai ta ce mini, "'Yar nan, gaya wa wancan," ko da wancan ɗin yana zaune kusa da ita har yana jin numfashinta.

Ta sauka daga babur da ƙyar. Ƙafafunta sun kumbura, kamar yadda suka saba duk lokacin da ta daɗe a zaune ko a tsaye gaban kaskon ƙosai. Na shimfiɗa mata tabarma a inuwa, daidai ƙarƙashin igiyar shanya. A kan igiyar kuwa ga safar Malam na lilo, na wanke ta da safe.

Inna ta ɗaga kai. "Kai, wannan safa da kyau take."

Ni kuwa tarbiyyar gidanmu ta riga tunanina fita. Na ce, "Ai taki ce, Inna."

Haka ake faɗa. Babba ya yaba abu, ka ce nasa ne, shi kuma ya ce Allah ya yi albarka, ya bar maka abinka. Ina jiran wannan albarkar sai na ji ta ce, "To miƙo mu gani, dama sanyin damina na shiga mini ƙashi."

Da hannuna na sa mata. Ta yi ta cewa za ta karya mata ƙafa, da ta hau kuma sai ta shiga juya idon sawu. Kafin la'asar ta tashi da kanta ta zagaya tsakar gida, tana cewa rabon da ta ji ƙafarta haka tun kafin shuka.

Malam ya dawo daga makaranta, ya durƙusa a bakin ƙofa zai gaishe ta, idonsa a ƙasa kamar yadda ya kamata. A ƙasan kuwa me zai gani? Ya ƙarasa gaisuwar a gurguje ya miƙe. Da muka shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Amarya, ƙafafuna ne a jikin Inna."

"Na sani, Malam. Bakina ne."

"Ki karɓo."

"Ni? In ce wa surukata ta tuɓe abin da na ba ta? Kai ka je, ai mahaifiyarka ce."

"Ni da ko ruwa ban taɓa roƙonta ba tun da na yi wayo?"

Muka zauna muna kallon juna, har dariya ta ƙwace mana, muka toshe baki da matashi don kada ta ji. Amma da dariyar ta wuce na ga damuwa a fuskarsa. Ya riga ya sa a ransa cewa saurin nan da yake ji a safar yake. Washegari na koma wurin mai gwanjo, ya zazzage dilar kaf, babu irinta. Ya ce sai an sake kawo kaya daga Kaduna, ita kuwa Kadunan ce muke nema.

Sai na ƙulla dabara. Dole Inna ta cire safar in za ta yi alwala. Na ce zan ɗauke a lokacin, in ce na kai wanki, in ce ruwan sama ya hana ta bushewa. Abin da ban lissafa ba shi ne, Inna ba ta iya cire ta ko mayar da ita ita kaɗai. Duk sallah ni take kira. In durƙusa in zare mata, in riƙe safar a hannuna tana alwala, ga ƙofa a buɗe, ba mai tsare ni. Sai ta idar da sallah ta miƙo ƙafa tana cewa, "Allah ya ba ki masu yi miki, 'yar nan." Ina ganin yadda kumburin ya saɓe, har jijiyoyin bayan ƙafarta sun kwanta. Sai in mayar mata. Sau biyar a rana dabarata na zuwa hannuna, sau biyar ina mayar da ita ƙafar Inna.

Ana gobe tsere na ce wa Malam zan daure in faɗa mata gaskiya. Ya kasa kunne. Ta taga muna jin Inna na surfe a tsaye, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Bar mata," in ji shi. "In na faɗi, na faɗi."

Da safe ya sa tsohuwar safarsa mai huji a dunduniya ya fita. Ina ɗaura mayafi sai ga Inna ta fito da hijabinta, ta ce za ta raka ni, tana son sayen tattasai. Tattasai kuwa cike da kwando a gidan.

Tseren daga ƙofar sakatariya ya tashi, a bi kwalta har bakin daji a dawo. Aka busa usur suka ɓace. Muka tsaya kusa da inda za a ƙare, a gefen wata mai tallan kayan miya. Inna ta juya wa titi baya, ta kama cinikin tattasai kamar shi ya kawo ta duniya. Ta taya, ta fasa, ta sake tayawa. Daga ƙarƙashin zaninta safar nan na haskawa, ana iya hango ta daga nesa.

Da aka fara dawowa, wani yaro siriri ne a gaba, ya wuce kamar an harbo shi. Bayansa mutumin Kusasu da takalmin robansa, har yana ɗaga wa mutane hannu. Sai na hango Malam, shi da wani tsohon ɗalibinsa, ɗalibin na gabansa kaɗan. Kan Malam ya faɗi baya, bakinsa a buɗe. Na san wannan tafiyar, ta mutumin da ya fara sallamawa ce. A littafi nan ne jaruma za ta kira sunan masoyinta. Ni bakin mayafina na kama ina murɗawa.

Sai na ga ya dubi gefenmu, ƙasa-ƙasa. Na ga kansa ya dawo daidai. Daga ina ya samo abin da ya samo ban sani ba, amma ya kamo ɗalibin nan nasa a gaban rumfar mai shayi, suka jera, ya wuce shi da abin da bai fi tsawon hannu ba. Na uku. Na yi guɗa ban san na yi ba.

Daga baya na tambaye shi ko ni ya gani. Na so ƙwarai ya ce ni ce. Ya ce gaskiya koriyar safa ya hango a bakin titi, ya gane cewa Inna ta zo. Tun yana firamare bai taɓa yin wani abu tana wurin ba.

Mutumin Kusasu ne ya fasa ƙwan. Ya zo yana haki, ya durƙusa ya gaishe ta, sai idonsa ya sauka.

"Inna! Ashe ke kika ƙwace masa asirinsa? Duk garin nan mun ɗauka ɓarayi ne. Mutum ya kwana uku yana kukan safarsa!"

Inna ta dubi ƙafarta, ta dube ni. "La ilaha illallahu. 'Yar nan, ta wancan ce?"

Na sunkuyar da kai.

"Kuma kuka yi shiru, ku biyun?" Ta ja hijabi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. "To ai ga shi bai mutu ba."

Da yamma ƙafafun Malam suka yi tsami, ko tsallake dokin ƙofa sai ya dafa bango. Na gasa masa su da ruwan zafi, na shafa man kaɗe. Bayan la'asar Inna ta kira ni. Ashe ta yi kokawa ta zare safar ita kaɗai, ta wanke ta da kanta, ta busar a kan murfin tukunya mai ɗumi.

"Kai wa wancan. Ya shigo layin ƙarshe yana jan ƙafar hagu kamar agwagwa."

"Inna, ai tattasai kike saye. Yaya aka yi kika gani?"

"Ke dai kai masa."

Ya sa ta ya kwana da ita. Washegari ya tashi yana takawa kamar mutum, ya ce tsamin ya ragu fiye da yadda ya saba. Mutumin Kusasu ya ce ruwan zafi ne. Inna ta gaya wa bango cewa man kaɗe ne. Ni na san hannun da ya shafa man, amma ba a tambaye ni ba.

Ya shiga motar Kaduna, ya kuma yi tseren da koriyar safarsa har gwiwa. Ya ƙare a tsakiyar jama'a, abokinsa na gabansa kamar kullum. Da ya dawo ya ce shi dai bai ga ta ƙara masa ko taku ɗaya ba, sai zufa. Amfaninta a mota ya gani, a doguwar hanyar dawowa, domin kowa ya sauka da ƙafa kamar turmi, shi ya sauka da tasa. Tun daga nan ya daina gudu da ita, sai in ya dawo ya yi wanka yake sawa.

Ya sayo wa Inna sabuwa a Kaduna, baƙa, a cikin kwalinta. Ta gwada kwana biyu ta aiko da ita daga Kazage a hannun ɗan acaɓa, da saƙo: a gaya wa wancan wannan ba ta san ƙafarta ba, a aiko mata da koriyar. Baƙar ce yanzu a igiyar shanyata.