Hodi Mahauci da Faifan Jaz

Hodi mahauci ne ɗan Argungu, kuma a ƙuruciyarsa ya yi dambe. Wata kaka, a filin Augie, ya nushi wani Tamba a gindin kunne. Tamba ya faɗi jini na fita ta hanci, ya tashi kurma. Hodi bai ƙara ɗaure hannu ba. Ya koma Birnin Kebbi, ya kafa teburin nama a Badariya.

Kusa da shi akwai rumfar Abbas mai gyaran rediyo, wanda ke da tsohon garmaho da faifan jaz guda na baƙaƙen Amurka. Da Hodi ya fara jin sa, sai ya ajiye wuƙa ya matso. Ganga na dukan ƙirji, ƙaho biyu na yayyaga juna, fiyano na kutsawa tsakani.

"Malam Abbas, wanga mai ganga hwaɗa shi kai da mai ƙaho," in ji shi. "Ji yadda yab bar shi ya gaji, sannan ya kai mai naushi."

Tun daga nan kullum bayan la'asar sai an sa masa. Bai san sunan makaɗan ba, amma ya san inda kowane zai shigo.

Ran nan yana zaune ido rufe, Usmanu ƙanen Tamba ya shigo da gora. Dukan farko ya karya wa Hodi ƙashin kafaɗa. Na biyu ya sauka kan garmahon, faifan ya tarwatse. Hodi ya miƙe, ya shaƙe Usmanu da hagu, ya buga masa kai da ginshiƙin rumfa har haƙora suka zube. Sai da mahauta suka taru suka ɓamɓare shi.

Mai unguwa ya sasanta su, kowa ya yi jinyar kansa. Hannun dama na Hodi bai ƙara ɗaga gatari ba.

Yana kwance, Sumayya ɗiyar Abbas ta nemo kiɗan a waya ta kawo masa. Ya saurara har ƙarshe.

"Shi na, Baba?"

"Shi na. Amma gangar ba ta da nauyi nan ciki."

Duk da haka ya ce ta sake sawa. Yanzu tsire yake gasawa da hagu, wayar na rataye a ƙusa kusa da tukuba.