Damon da Na Yanka a Nuzla

Shekara arba'in da haihuwata a Jidda, ba takardar da ta san sunana sai iƙama, katin izinin zaman baƙi. Shi ya sa kaina ya juye ranar da wani Bature ɗan Norway, mai tara dabbobi don bincike, ya ɗauke ni direba, ya ce duk abin da na kama da hannuna sunana zai rubuta a jikinsa.

Mutumin dogo ne, ja kamar dafaffen jatan lande. Muka yi kwana huɗu a duwatsun hanyar Ɗa'if yana leƙa ramuka, gindi a sama, ni ina dariya har hawaye. Rana ta biyar na cafko wani damo mai shuɗin wuya. Bature ya yi tsalle, ya sumbaci goshina, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Wallahi har waƙa na yi a mota!

Masu otal ɗinsa na unguwar Bagdadiyya suka ce ba a shigo musu da ƙadangare. Na kai shi gidanmu a unguwar Nuzla cikin kwali.

Kafin azahar zafi ya kwantar da shi. Inna ta leƙa ta ce, “Kai, wannan tafiya zai yi. Yalla, maza ɗauko wuƙa kafin ya zama mushe.”

“Inna, na Bature ne.”

“To Baturen mushe zai ci? Ji min sakarai!”

Ni kuwa na ga gaskiyarta. Na fuskantar da shi gabas, na yi bismilla, na yanka, halas.

Da Bature ya iso ya ga wuyan nan, wurin da yake son ƙirga ɓawon fatar don ya gane irin damon, sai ya zauna a ƙasa daɓas. Na ce shi ke nan, sunana ya bi ruwa. Inna ta miƙo masa shayi tana cewa, “Gaya masa halal ne, ya daina ɓata rai.”

Na fassara. Ya dube ta, ya dubi damon, sai dariya ta ƙwace masa har shayin ya zube. Ya ɗinke wuyan da zare, ya tsoma shi a kwalbar magani, ya ce in faɗi sunana harafi-harafi.

Yau sunan nan yana Norway, ɗaure a ƙafar damo. Ni mai sunan har yanzu ban wuce Ɗa'if ba.