Kada Ku Kwantar Da Shi

Safiyar Asabar ce, lokacin tonon doya. Na zo hutun kwana biyu a ƙauyenmu, can bayan Yangoji. Ni nas ce, shekara tara ina ɗakin tiyata a cikin Abuja tare da masu sa marar lafiya barci. Aikina numfashi ne, a zura bututu a maƙogwaro, a tabbatar iska tana shiga. A gida ba wanda ya damu da wannan. Mama ta miƙo mini tsintsiya. Yayana Danjuma yana ta tsokanata, wai hannuna ya yi laushi kamar burodi. Ƙarfe bakwai ya saɓi fartanya ya fita.

Tara saura kwata muka ji babura. Suna da yawa, kuma ba sa rage gudu. Sai harbi daga wajen rafi, ɗaya-ɗaya da farko, daga baya ya haɗe. Wata mata ta ƙwala ihu, "Ku gudu! Sun shigo!" Mama da matar Danjuma suka kwashi yara suka faɗa gonar rogo. Ni kuwa na koma ɗauko waya kamar wata sakarya. Shi ya sa na ga Danjuma.

Yana tafe da ƙafarsa, a sunkuye, hannu biyu a fuska. Harsashi ya shiga ta kuncin hagu ya farfasa masa muƙamuƙi. Haɓarsa tana lilo. Jini da haƙora suna zuba ta tsakanin yatsunsa. Idonsa garau, ya gane ni.

Na san irin wannan rauni. Ba ya kashe mutum nan take. Amma in ƙashin ya karye, harshe ba shi da abin riƙewa. Mutum yana kwanciya rigingine, harshen zai faɗa baya ya toshe hanyar iska, jini ya bi shi. A zaune, a sunkuye gaba, Danjuma zai iya kaiwa asibiti.

Tara da minti goma muka samu a-kori-kurar masu sayen doya, cike da mutanen garinmu. Na zaunar da shi a kan doyar. Na durƙusa a bayansa, na sa yatsuna a bayan ƙashin na tura shi gaba. Wani maƙwabcinmu, Baba Audu, ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa.

"Kwantar da shi, 'yata, ya huta."

Na daka masa tsawa. Ban taɓa yi wa sa'an ubana haka ba.

Numfashin Danjuma yana ƙara kamar ruwa a toshasshen famfo. Mata suna toshe kunne. Ni ƙarar ce take riƙe da ni, don in akwai ƙara, akwai iska. Duk ramin da motar ta faɗa sai ƙashin ya zame mini, ƙarar ta ɗauke, in lalubo shi, ta dawo. Bayan rabin awa ba na jin yatsuna. Ban saki ba.

Goma saura kwata muka iske gungume a tsakiyar hanya. 'Yan bangan wani gari ne suka tare hanyar, da bindigogin farauta da adduna. An gaya musu maharan suna sajewa cikin masu gudu. Su ma tsoro ya cika su, ana gani a idonsu.

"Kowa ya sauka! Hannu sama!"

"Oga, ni nas ce. In na sake shi zai mutu."

"Madam, hannu sama na ce! Sauka!"

Ɗayansu ya fizgo ni ta kafaɗa, na faɗo ƙasa. Suka durƙusar da mu a bakin hanya, fuska ga daji, hannu a ka. A bayana na ji muryar Baba Audu yana roƙon a bari su sauko da mai rauni. Aka bar su. "A hankali, a hankali," yake cewa. Na ji an warware tabarma.

"Kada ku kwantar da shi! Ku zaunar da shi!"

Bakin bindiga ya taɓa ƙeyata. "Yi shiru!" Na ƙara faɗa. Mata suna kuka, yara suna kuka, wa zai ji ni?

Ƙarar ta koma minshari. Sai dugadugansa suna dukan ƙasa. Sai shiru. Agogon hannuna yana daidai kunnena, shi kaɗai nake ji. Na san abin da ke faruwa a maƙogwaronsa dalla-dalla, kuma tsakanina da shi bai fi taku goma ba.

Goma daidai suka ce mu tashi. Na same shi a rigingine, an ninke riga an sa masa a ƙarƙashin kai. Faratansa sun yi duhu. Na juya shi, na kwashe gudajin jini da yatsa, na jawo harshen. Na so in hura masa iska, babu bakin da zan ɗora nawa a kai. Na nemi reza in buɗe maƙogwaron. Maza kusan ashirin da makamai, ba mai reza ko ɗaya. Na yi ta danna ƙirjinsa har wani ya riƙe mini hannu. Daga wurin ana jin ƙarar manyan motoci a kan kwalta.

Mutum biyar muka binne. Huɗu sun mutu inda harsashi ya same su. Na biyar ya yi sama da awa ɗaya da ransa.

Ranar uku Baba Audu ya zo gaisuwa da ɗayan mutumin da suka sauko da Danjuma tare. Ya gaya wa Mama ba su bar ɗanta a kan doya kamar kaya ba, sun kwantar da shi a tabarma, sun sa masa matashi. Na ji kamar in shaƙe shi, kuma na san ba shi da laifi. Mama ta gode musu, ta sa musu albarka. Sannan ta dube ni.

"Saratu, kawo musu ruwa."

Na kawo.