Sai-na-taka, Direban Garinmu

Har yanzu idan hadari ya haɗo, sai abin da ya faru a rafin garinmu ya dawo mini. Mahaifiyata ta ce in rage tuna abin, amma na ga gara in rubuta, ko na sauke shi daga ƙirjina. Sunana Siddiƙa. Bara na gama jami'a, na dawo garinmu da ke kusa da garin Babban Mutum ina jiran aiki. Amma labarin ba nawa ba ne, na Baba Kalilu direba ne.

Baba Kalilu aminin mahaifina ne tun suna yara. Shi ne auta a gidan fataken shanu. Kakansa ya kora shanu da ƙafa zuwa Kudu, ubansa ya kai su a mota, yayyensa duka suka bi sahu. Shi ma an ɗora shi saman tirela yana saurayi, ya je ya dawo, ya sake zuwa. A tafiya ta biyu motar ta lalace a hanya. Yayyensa na ta fama da shanu, shi kuwa yana tsugune wajen bakanike yana miƙa masa sifana. Da suka dawo gida ya ce wa ubansa shi mota yake so.

Mahaifina ya ce damina guda tsohon bai amsa gaisuwarsa ba. "Ɗan gidan fatake ya koma wankin mota," abin da ake faɗa ke nan a gari. Baba Kalilu ya yi yaron mota a Daura shekaru, ya koyi tuƙi, daga baya ya sami tsohuwar motarsa, wadda ƙofar bayanta sai an ɗaga kafin ta rufu.

Da aka yi wani zamani da direbobi suka koma ɗaukar kayan fasa-ƙwauri ta hanyoyin daji wajen Kongolam, a bakin iyaka, saboda can ake samu, abokansa sun yi ta jansa. Wasunsu sun gina gidajen siminti. Shi ya tsaya kan fasinjansa: mata masu kai awaki kasuwa, marasa lafiya, 'yan makaranta. Matarsa, Inna Barakatu, ta yi fushi, ta gaji, ta haƙura.

Akwai rafi tsakanin garinmu da babban titi. Da rani busasshen yashi ne. An shimfiɗa siminti a ƙasansa don motoci su bi, amma da damina ruwa kan hau kai. Al'adar direbobi ita ce, in mota ɗaya ta haye, sauran sai su bi bayanta. Baba Kalilu ba ya yin haka. Ko motoci nawa suka wuce a gabansa, sai ya kashe tasa, ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya ɗauki sandar gora ya shiga ruwan da ƙafarsa. Shi ya sa 'yan tasha suka sa masa suna Sai-na-taka.

Kuma ba kullum yake da gaskiya ba. An taɓa yi masa dariya har damina ta fita, ranar da ya naɗe wando har cinya ya shiga ruwan da bai rufe idon sawu ba. Wata rana ya ƙi hayewa, motoci suka yini suna wucewa lafiya lau, fasinjojinsa suka rasa kasuwar Mai'aduwa. Inna Barakatu takan ce, "Wannan ko ruwan alwala ka zuba masa sai ya auna zurfinsa." Don haka mai sauri ba ya shiga motarsa.

Ni kuwa ranar ina sauri. Wata ma'aikata a Daura ta kira jarrabawar ɗaukar aiki da hantsi, kuma an ce wanda ya makara ba za a buɗe masa ƙofa ba. Ni da ƙawata Khairunnisa aka kira mu. Tare muka yi sakandare. Ita ta zaɓi fannin da muka karanta a jami'a, na bi ta. Ita ta ga sanarwar aikin, ta ce kowa na nema, na nema. Na so mu shiga motar Saminu, wani matashin direba mai gudu, amma mahaifina ya riƙo jakata har gaban motar amininsa ya ce, "Kalilu, ga 'ya'yanka nan."

An kwana ana ruwa a gabas. Da muka isa rafin, ya cika, ruwan ja wur, yana tafe da karare da rassan itace. A kan idonmu wata akori-kura ta shiga, ta yi ta gurnani, ta fita ɗaya gefen. Mutanen cikinta suka ɗago mana hannu.

Baba Kalilu ya kashe mota ya fara cire takalmi.

Saminu ya tsaya a bayanmu, ya leƙo ta taga. "Baba Sai-na-taka, a miƙo maka sabulu ne? Ka haɗa da wankan gaba ɗaya!"

"Miƙo, ɗan nan, in kana da shi," in ji Baba Kalilu. "Ban taɓa jin ƙamshinsa a motarka ba."

Aka yi dariya. Ya shiga ruwan a hankali, yana caka sanda a gabansa. Ruwa ya kai masa gwiwa. Ya ƙara gaba, ya tsaya, ya daɗe a tsaye, sannan ya juyo.

"Ni ba zan shiga ba," ya ce. "Yana jan ƙafa, kuma ƙaruwa yake. Saminu, ka dakata ya sauka."

"Haba Baba! Yanzu fa mota ta wuce."

"Ta wuce. Wataƙila kai ma ka wuce. Ni dai ba zan shiga ba."

Nan fasinjoji suka fara sauka suna komawa motar Saminu. Wani mai buhun wake ya ce da ma ya sani. Wata tsohuwa ta rungumi kazarta ta bi su tana mita. Khairunnisa ta sauka ta riƙo hannuna.

"Siddiƙa, taso mana. Kowa ya tafi. Kina so mu rasa aikin nan saboda tsoron tsoho?"

Na sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Na dubi Baba Kalilu, ina so ya hana ni, don in sami wanda zan ɗora wa laifi. Bai hana ni ba.

"'Yata," ya ce, "ubanki ya ba ni amanarki, amma ke ba yarinya ba ce. Na gaya miki abin da ƙafata ta ji. Saura naki."

Ban san me ya zaunar da ni ba. Ba hikima ba ce. Tsoro ne ta ko'ina: tsoron ruwan, tsoron rasa aikin, tsoron a bar ni ni kaɗai. Sai dai a tsakiyar wannan tsoron na tambayi kaina ko ina ma son aikin, na rasa amsa. Na janye ƙafata na ce, "Ki je, Khairu. Ni zan jira."

Ta kalle ni kamar ba ta san ni ba. Ta shige.

Motar Saminu ta shiga da ƙarfi, ta kai tsakiya, sai injin ya mutu. Na ji shirun nan har cikin haƙorana. Ruwa ya fara juya bayan motar a hankali, tayar baya ta zame daga kan simintin, motar ta karkace. Ihu ya tashi. Na hango farin hijabin Khairunnisa manne da gilashi. Allah ya sa akwai wani kututturen itace da ruwa ya kawo ya maƙale a wurin, shi ya tare motar.

Ban ga lokacin da Baba Kalilu ya ciro igiya ba. Na dai ji ya daka mini tsawa, "Siddiƙa, kira mutanen gonar can!" Na ruga ina kururuwa, takalmina ɗaya ya tsaya a taɓo. Manoma suka yar da fartanya suka zo. Ya ɗaure igiyar a motarsa, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa, ya shiga. Maza suka jeru a jikin igiyar, ana zaro mutane ta taga, wannan ya miƙa wa wannan. Tsohuwar nan ta fito da kazarta a ka, tana cewa kada wanda ya taɓa mata ita. Khairunnisa ce kusan ta ƙarshe. Da aka ajiye ta a gaɓa ta yi ta aman ruwa, na rungume ta, ina ta kiran sunanta.

Aka duba, aka sake dubawa. Babu wanda ya rasa ransa. Buhun wake ya tafi, jakar Khairunnisa ta tafi da duk takardunta.

Saminu ya zauna a taɓo ya haɗa kai da gwiwa yana kuka. Na zaci Baba Kalilu zai faɗa masa magana. Ya dafa kansa kawai ya ce, "Cire rigar nan, za ka yi mura. In ruwa ya sauka mu nemo shanun huɗa su jawo ta." Kuma Baba Kalilu ne ya yini washegari yana kwance injin tare da Saminu.

Bayan kwanaki na je gaishe shi. Na tarar Inna Barakatu na gasa masa ƙugu, inda igiya ta yanke shi. Na ce, "Baba, yaya aka yi kuka san ruwan zai ci mota?"

"Ban sani ba," ya ce. "Da ya haye lafiya, da yau ana tasha ana yi mini dariya, ke kuma kina jin haushina. Motar da ta wuce, labarin ruwan ɗazu ta ba ka, ba na yanzu ba. Kuma shi na gaban, in ka tambaye shi, shi ma wani ya bi."

"Ka ji shi," in ji Inna Barakatu. "Sau ɗaya ya yi daidai, yanzu ba za mu sha ruwa a gidan nan ba."

Jarrabawa ta wuce mu. Na gaya wa mahaifina ba zan nemi wani aikin ba tukuna, sai na zauna na gane abin da nake so. Na shirya jin faɗa. Sai kawai ya ce, "To, Allah ya yi zaɓi."

Abin da na fi tsoro shi ne haɗuwa da Khairunnisa, don na ƙi bin ta a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Na daure na je gidansu. Na same ta a ƙudundune cikin bargo, mura ta kama ta, mahaifiyarta na dama mata kunun tsamiya. Ta dube ni ta ce da dasasshiyar murya, "Ke kin tsaya, ni na tafi, ga mu nan duka babu aiki."

Muka fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Mahaifiyarta ta ajiye kwanon a tsakaninmu da ludayi biyu ta ce, "Ku sha tun da zafinsa, ku bar jiƙa mini tabarma."