Ƙaramin Kwanon Inna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna mai bandar kifi ta Gashua, matar da ba a taɓa cewa an ƙoshi a gidanta ta yarda ba. Ko baƙo ya rantse sai ta ce, "To ƙara loma ɗaya saboda ni." Da wannan loma ɗayar ta raine ni, har na zama Alhajin da masu babur a Nguru ke kawar da kai in ya tsai da su saboda ƙiba.

Bayan rasuwarta ciwon suga ya kama ni, aka kai ni waje aka yi mini aikin rage tumbi. Na rame, na samu sauƙi, sai kuma ci ya dawo. Ba yunwa ba ce. Da na ji ƙanshin miyar kifi sai kewarta ta taso, in ci har in yi amai. Likitana a Kano ya faɗa mini gaskiya: in tumbin ya sake buɗewa sugan zai dawo, kuma jikina ba zai ɗauki wuƙa karo na biyu ba. Na tsorata ƙwarai.

Shi ne ya haɗa ni da wani maganin gargajiyar Japan, garin saiwoyi da sassaƙe a 'yan ƙunshi, wai yana kwantar da ran mai yawan ci. Da Inna na nan da ta yi dariya har da hawaye: "Ɗan nan, ka biya an yanke maka ciki, sannan ka aika bangon duniya neman jiƙo?"

Ban san rabon maganin a cikin sauƙin da na samu ba, amma na san rabon yayata. Ita ta aiko mini daga Gashua da wani kwanon sha ɗan mitsitsi, duk ya lotse, ta ce, "A nan Inna take ci, kai dai ba ka taɓa lura ba." Ashe mai ɗura wa gari guda abinci, nata bai wuce cikin tafin hannu ba.

A cikinsa nake ci yanzu. Awon da aka yi mini kwanan baya ya fito lafiya, alhamdu lillahi, har barcina ya dawo. In na cinye nakan ji muryarta tana cewa in ƙara loma ɗaya saboda ita. Sai in ce Allah ya jiƙanki, Inna, saboda ke ɗin ne zan wanke hannu.