Ƙasar Yaya Habu a Saman Bene

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Habu, a nan Guangzhou. Mutanen unguwarmu ta Xiaobei sun san shi da sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu yana aikawa Kano. Ni kuwa in na tuna shi, a saman benen da muke haya nake ganinsa, cikin hazon safiya, ya naɗe hannun riga ya cusa hannu cikin tsibin shara kamar mai duba zazzaɓin jariri.

Ciwon ciki ne ya kai shi ga wannan. Ya daɗe yana fama da kumburi, har wata tsohuwa 'yar China, maƙwabciyarmu da muke kira Ayi, ta kai shi wurin mai maganin gargajiyarsu. Mutumin ya riƙe masa wuyan hannu, ya duba harshensa, ya ce ciki tukunya ce a kan wuta: abinci sai ya ruɓe ya nuna a ciki kafin jiki ya samu rabonsa. Mai buɗa baki da ruwan ƙanƙara, in ji shi, wutar yake kashewa. Yaya ya dawo yana murmushi. Ya ce, “Sale, ai juji yake nufi. Baba ya san wannan tun a gona.”

Daga nan ya koma shan ruwan ɗumi, ya kuma fara tara ɓawon ayaba, ganyen shayi da tokar mai tsire a cikin tsofaffin akwatunan kifi. Ko magani ne ya yi masa, ko kame baki, Allah ne masani. Na dai ga shara ta koma baƙar ƙasa mai ƙamshin ruwan farko, na ga yakuwa ta tsiro tsakanin dogayen gine-gine, jirage suna wucewa ta kanta zuwa filin jirgin sama na Baiyun.

Ni tsiya nake yi masa. “Yaya, mun ƙetaro teku don mu zama 'yan bola?” Sai ya kira ni maigida da yaren China, ya ce, “Laoban, zo ka ji ɗumi.” Ban taɓa zuwa ba, kunyar 'yan kasuwa nake ji. An ce babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba. Na zuba masa tawa, ya shanye, bai taɓa mayar mini ba.

Da zai leƙo yau, da ya ga samari suna sarin kaya ta waya, suna cin abinci a tsaye cikin roba, da ya girgiza kai. Amma da ya ga an ware wa ragowar abinci nata kwandon a bakin titi, na san dariya zai yi har rawaninsa ya goce.

Bayan rasuwarsa Ayi ce ta riƙe ƙasar, ni nawa kai mata ɓawo. Yanzu gwiwoyinta sun ƙi hawa, mai gidan hayar ya ce a share saman benen, ni ma tsufa ya ce in koma gida. Ƙasa kuwa ba ta shiga jirgi. In na bari, motar shara za ta kwashe ta.

Sai na riƙa saukowa da ita a bokiti, ina hutawa a kowane hawa, ina bin ƙofofi. Ayi ta ɗauki nata. Maƙwabtanmu mutanen Maraɗi, 'ya'yan manoma, sun sunsuna suka karɓa da hannu biyu. Takalman da Yaya ya aika duk sun tsinke a ƙafafun mutane. Abin da ya rage shi ne wannan da nake raina.

Bokitin ƙarshe na kai wa wata Hajiya 'yar Yamai mai sayar da tuwo, wadda ba ta daɗe da zuwa ba. Ta murza ƙasar a yatsunta, ta ce, “Baba, ta wa ce?”

Na ce, “Ta Alhaji Habu.”

Ta ce, “Ban san shi ba. Allah Ya jiƙansa.” Ta ɗauka ta kai inda rana ke faɗawa.